Gashin Naman Takawa Majemi

Takawa majemi mutum ne mai cika baki, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba. A Matameye, shekaru kaɗan kafin zuwan Nasara, babu wanda ya kai shi iya jimar fatar akuya, sai ya ɗauka babu aikin da zai gagare shi.

Da matarsa ta rasu, 'yarsa Shekara ta zo daga Kurni don ta tafi da shi gidanta.

"Baba, ko kunu ba ka taɓa damawa ba. Yunwa za ta kashe ka."

"Ke, nama da fata ba daga jiki ɗaya suke ba? Zauna ki gani. In kin ci kin ƙoshi, sai ki bar ni a gidana."

Ya sayo tsokar naman shanu, ya bubbuge ta da itace, ya ɗora bisa garwashi. Ya tuna marigayiya tana yi wa gasasshen nama romon tsamiya. Shi kuwa da bagaruwa ya yarda, tunda ita ke gyara masa fata shekara arba'in. Ya tafasa ruwanta, ya tsoma naman, ya bari ya jiƙu sosai.

Shekara ta yi ta tauna har bakinta ya ɗaure.

"Sannu da aiki, Baba. Saura a sa masa maɗauri a samu takalmi."

Shi ma ya gwada, ya kasa haɗiyewa. Washegari ya hau jaki zuwa Kurni, inda ya ƙare kwanakinsa yana cin tuwon gidan suruki. Kafin ya tafi ya roƙi maƙwabta: "Don Allah, in an tambaya, ku ce ciwon gwiwa ne ya tashe ni."