Buhun Takardu da Jarrabawar Ungozoma

Shekarar da na gama lakol, wato makarantar ungozoma, a Maraɗi, saura wata biyu a yi jarrabawar gwamnati, wadda in ba ki ci ta ba, babu takardar izinin aiki, ko da kin share shekara uku kina karatu. Na tattara kayana na koma gida Gangara, don a can ne zan ci tuwo ba tare da na tsaya hura wuta ba. Damina ta kankama, gero ya kai gwiwa.

Kayan nawa kusan duk takarda ne. Buhun shinkafa guda cike da fotokofi: darussan shekara uku, da tsoffin tambayoyin jarrabawa masu amsa a baya, waɗanda wani mai shago kusa da lakol yake bugawa. Kowa cewa yake wadda ta haddace su ta gama. A waya kuma ƴan ajinmu sun buɗe guruf, kullum sai wata ta turo sabon littafi ta ce, "Wannan ne na gaske." Ga kawuna da ke kasuwanci a Katsina ya aiko mini da wani ƙaton littafi na Ingilishi mai hotuna masu launi, wai wani likita ya gaya masa babu kamarsa. Ni kuwa da Faransanci na yi karatu tun ajin farko.

Sati biyu na farko ban san abin da na karanta ba. Da safe in shimfiɗa tabarma a gindin iccen bedi, in buɗe wannan, in ajiye, in ɗauki wancan. Da hantsi in hau tudun bayan gari neman rezo, inda waya ke kamawa, don kada a turo wani abu ban gani ba. In na kwanta sai in riƙa ganin kowa ya wuce ni.

Innata ba ta yi boko ba, amma tana da ido. Wata rana ta ajiye mini kwaryar fura ta ce, "Ke, ko kaza mai tono tana tsayawa ta ci abin da ta tono. Tashi ki tafi wajen Hajiya ta gidan likita, ki gaishe ta, ki nuna mata halin da kike ciki."

Hajiyar nan ita ce tsohuwar ungozomar garinmu. Ita ta karɓi haihuwar ƙannena biyu, kuma tun ina ƙarama nake jin tsoronta, don ba ta da yawan dariya. Na je ranar kasuwa, ranar da matan ƙauyuka ke cika wurin don awon ciki. Ta amsa gaisuwata a taƙaice, ta miƙo mini farar riga ta ce in zauna kusa da ita.

Can sai ga wata Bafulatana daga rugar gabas da gari, cikinta wata bakwai, Hausarta tana fita da ƙyar. Hajiya ta duba katinta ta turo mini. "Maganin kare ta daga zazzaɓin sauro, sau biyu ta sha. Yau mi za ki yi mata?"

Na ji daɗin tambayar, don jiya-jiya na haddace ta. Na ce, "Ta gama, Hajiya. Sau biyu ake ba mai ciki."

Hajiya ta jawo kwalin maganin. Ta ɓallo ƙwaya uku, ta ɗebo ruwa a kofi, ta tsaya har matar ta haɗiye a gabanta, ta kuma gaya mata a hankali ta dawo wata mai kamawa. Sai da layi ya ƙare ta juyo.

"Ɗiyata, ina kika samo sau biyun nan?"

Na ciro takardar daga jaka na nuna mata. Ta gyara tabarau ta karanta, ta juya baya, ta sake juyowa.

"An daɗe da barin wanga tsari. Yanzu duk wata ake ba ta, daga ciki ya wuce wata uku har ta haihu. Mai shagon nan tsohuwar amsa yake ta bugawa, ba wanda ya gyara."

Na sake kallon takardar. Ba jarrabawar ce ta fara zo mini ba, matar nan ce, wadda saura kaɗan ta koma ruga a tsakiyar damina babu magani saboda bakina. Daga nan na shiga tunanin amsa nawa irin wannan ke zaune a kaina.

Hajiya ta ce, "Gobe ki zo mini da buhun gaba ɗaya."

Washegari na ɗauko shi a ka, mata suna tambayata ko gero na kawo wa likita. Ta zazzage shi a kan tebur. Duk takardar da ta ɗaga, sai ta tambaye ni wa ya rubuta ta, a wace shekara, kuma don wace ƙasa. Wadda ba ta da suna ko shekara, sai ta jefa ta ƙasa. Kafin azahar tarin takardun da ke ƙasa ya kusa kai mini ƙwauri.

Da ta zo kan littafin kawu ta daɗe tana kallon hotunan. "Mai kyau ne," in ji ta. "Amma waɗanda suka rubuta shi ba su za su tambaye ki ba. Adana shi sai kin fara aiki."

Ta jawo aljihun tebur ta ciro wani ɗan siririn littafi da ma'aikatar lafiya ta raba wa ungozomomi, bangonsa ya sha hannu. Ta haɗa shi da littattafan rubutuna na shekarar ƙarshe. Tsoffin tambayoyin kuwa ta yage shafukan amsar ta miƙo mini sauran.

"Tambayoyin ki riƙe. Amsar ki nemo da kanki a nan. Wadda kika rasa, ki zo ki tambaye ni."

Abin da na koma gida da shi bai cika ledar hannu ba. A hanya na ji wuyana ya saki, har na tsaya na sayi gasasshiyar masara. Da yamma na rubuta wa ƴan guruf abin da ya faru don su kiyaye, sannan na fita daga guruf ɗin. Wata ƙawata ta bugo tana tambaya ko fushi na yi. Na ce a'a, kaina ne ya cika.

Sati shida na yi a haka. Da safe ina gidan likita, bayan azahar ina kan tabarma. Na bi ɗan littafin nan sau uku, har na san shafin da man gyaɗa ya ɗiga.

Ranar jarrabawa a Maraɗi akwai tambayoyin da ban sani ba, na bar su na wuce. Babbar tambayar a kan zubar jini bayan haihuwa ce, abin da na gani da idona sati uku kafin nan, ina riƙe da ledar ƙarin ruwa Hajiya na aiki. Na rubuta yadda na ga hannunta ya yi, ɗaya bayan ɗaya.

Sakamako ya same ni a gona muna roron wake. Ƙawata ce ta bugo, tana ihu har ban gane ba sai da ta maimaita cewa na ci. Na zauna a kan kunyar gona. Inna ta rangaɗa guɗa, maƙwabtan gona suka ɗago kai. Da ta gama sai ta ce, "To, tunda kin zama ungozoma, surukar gidan liman ƙafafunta sun kumbura kwana uku ke nan, ga ciwon kai. Wanke hannunki."

Na wanke a butar da muka zo da ita, na nufi gari.