Gwaggo Saja da kurtun talabijin

Shekara goma sha shida ke nan da rasuwar Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifina, wadda duk dangi ke kira Gwaggo Saja. Ta yi shekara talatin da ɗoriya tana aikin 'yan sanda, ta ajiye kaki da igiya uku a hannu. Ban tashi a gabanta ba. Sanin da na yi mata na gaskiya bai wuce na 'yan watannin da ta yi a wurinmu a nan Kuala Lumpur ba, lokacin da na haifi Amira aka rasa wanda zai zo mini wankan jego sai ita, don ita ce mai fasfo a hannu kuma ba ta tsoron jirgi.

A lokacin muna zaune a Pantai Dalam, a hawa na tara, ni ina digiri na biyu, maigidana yana na uku. Gwaggo ba ta da yawan magana. Ta kan tashi da asuba ta dafa ruwan wanka, ta goge takalminta ko da ba inda za ta, ta zauna a baranda tana kallon jirgin ƙasa yana wucewa ta ƙasa. Abincin garin bai karɓe ta ba, ta ce komai sai an sa masa kwakwa kamar an yi rantsuwa. Na ɗauka haka za mu ƙare, ita a baranda ni a ɗaki, sai maƙwabciyarmu ta shiga tsakani. Wata dattijuwa ce Bamalaya da muke kira Mak Cik, wato inna. Ita ta ƙwanƙwasa ƙofa wata Lahadi bayan la'asar, ta ce talabijin ɗinta ya lalace, ko za mu bari ta kalli wasanta a namu.

Wasan kwaikwayo ne mai dogon zango a kan matan da aka fara ɗauka aikin 'yan sanda a ƙasar, a zamanin da ake hawa keke zuwa caji ofis. Da harshen Malay ake yin sa. Jarumar yarinya ce sabuwar ɗauka, kullum ana aika ta haɗa shayi ko buga tafireta, mazan ofis suna dariyar siket ɗinta. Mak Cik tana fassara mini da guntun Turancinta, wanda ni kaɗai na saba da shi, ni kuma ina juya wa Gwaggo da Hausa. Ba a yi nisa ba Gwaggo ta ɗaga mini hannu.

"Bari, Bilki. Ba sai kin faɗa ba. Wancan mai gashin bakin cewa ya yi ta je ta share ofis. Na san shi."

Ba ta taɓa riƙe sunan yarinyar ba, Kurtu take ce mata. Daga ranar, duk Lahadi Mak Cik za ta shigo da soyayyiyar ayaba a leda, ko bayan an gyara mata nata talabijin ɗin, su zauna kafaɗa da kafaɗa, ba mai jin yaren wata. Gwaggo ba ta yaba wasan ba ko sau ɗaya. Ta ce sarawar Kurtu ba daidai ba ce, gwiwar hannunta tana faɗuwa. Ta ce babu 'yar sandan da za ta yi gudu da irin wannan takalmi. Amma ba ta taɓa bari Lahadi ta wuce ta ba.

A gaban wannan talabijin na ji abubuwan da ko 'ya'yanta ba na jin sun sani. A wani kashi na wasan Kurtu ta gano ɓarawo, aka ba wani sufeto yabon, ta shiga ofishin babbansu ta bugi tebur. Mak Cik ta yi tafi. Gwaggo ta ce da ita ce ta bugi tebur, da a ranar za ta tuɓe kaki. Sai ta ba mu labarin wani yaro da aka sace a kasuwa tana sabuwar shiga. Ita aka sa ta ɗaura zani ta ɗauki ƙwaryar fura, ta yi kwanaki tana talla a tasha har ta gano matar da ta ɗauke shi. Da aka zo ɗaukar hoton jarida, sufeto ne ya rungumi yaron, ita kuma aka ce ta matsa gefe. Hannunta kawai ya fito a hoton. Ta faɗi wannan ba ɗaci a muryarta, kamar mai karanta rahoto. Haka kuma ta gaya mana cewa a zamaninsu mace ba ta aure sai ta nemi izinin ofis. Ta nema, aka bar maganar a kan teburin wani babba fiye da shekara, har manemin nata, wani akawun jirgin ƙasa, ya gaji ya auri wata. Daga baya ta auri ɗan sanda ɗan'uwanta, mahaifin 'ya'yanta biyu. Ta ce wannan karon izinin bai yi mako ba, don angon abokin masu sa hannu ne.

Ana cikin haka ta fara rama. Ta ɓoye ciwon cikin da take yi har sai da na gan ta ta dafa bango a kicin. Muka kai ta asibiti, aka yi gwaje-gwaje, aka kira mu jin sakamako. Likitan ya juya kujerarsa wajen maigidana yana ta bayani da Turanci, Gwaggo tana zaune a gefe da jakarta a cinya. Tana jin Turanci sarai, da shi ta yi aiki. Ta bari ya kai aya, sannan ta ce wa maigidana da Hausa:

"Abban Amira, tambaye shi, cikin wa aka duba, naka ko nawa?"

Likitan bai ji Hausa ba, amma ya gane. Ya juyo da kujerar ya ba ta haƙuri, ya gaya mata komai: ciwon daji ne, ya bazu, aiki zai iya ƙara mata watanni amma ba zai warkar da ita ba. Ta yi masa tambayoyi uku ko huɗu, ta gode masa, muka fito.

Abin da ya biyo baya shi ne waya. 'Ya'yanta maza daga gida suna cewa lallai ta tsaya a yi aikin, maigidana yana goyon bayansu, ni ma haka. Kowa yana magana da kowa a kanta. Ta saurare mu kwana biyu, sannan ta sa ni na kira babban ɗanta na miƙa mata.

"Kabiru, ba shawara na kira ka ba, sanarwa ce. Gida zan dawo. Na gama neman izini tun ranar da na karɓi fansho."

Na yi fushi da ita a lokacin, kuma har yau ban tabbata ta yi daidai ba. Wataƙila da ta tsaya, da ta ga Amira tana tafiya. Amma ba a tambaye ni ba, kuma ba jikina ba ne. Mak Cik ta raka mu har filin jirgi, ta riƙe hannunta tana magana da Malay, Gwaggo tana amsawa da Hausa.

Saura kashi uku wasan ya ƙare ta tafi. Bayan wata guda ta kira ni, muryarta ta yi ƙasa sosai. Ta tambayi jaririya, ta tambayi Mak Cik, sannan ta ce, "Kurtu fa? An ba ta igiyar?" Na gaya mata yadda aka ƙare: ba a ba ta ba, ta ajiye aikin ta auri wani matashin sufeto da ke kare ta, aka rufe da biki. Sai ta ce, "Maza ne suka rubuta. Da sun bar ta, da ta kai fansho." Wannan ce maganarmu ta ƙarshe. Ba ta ƙara wata biyu a duniya ba.

Ina yawan tunanin me za ta ce da ta ga yau. A tashar jirgin ƙasa ta LRT ina ganin 'yan sanda mata da ɗankwali da bindiga a ƙugu, ba mai waiwayarsu. A gida ma mata sun hau muƙaman da a zamaninta ko mafarkinsu ba a yi. Ba na jin za ta yi guɗa. Za ta fara duba takalminsu ne, sannan ta tambayi wa ke haɗa shayi a ofis, kuma ina zaton amsar ba za ta ba ta mamaki ba. Amira, wadda yanzu sai na yi mata Hausa ta amsa da Turanci, ta taɓa tambayata ko Gwaggo 'yar gwagwarmayar mata ce. Na ce ban sani ba. Ba ta taɓa shiga wata ƙungiya ba, ba ta taɓa ɗaga murya ba, kuma an ce matan da suka yi aiki a ƙarƙashinta sun fi tsoronta fiye da mazan.

Ba ta mutu ta bar gida ba, ba ta bar lambar yabo ba. Abin da ta bari na gan shi ne da na je ta'aziyya, an riga an share makoki. Na tarar da wata mata a tsakar gida cikin kaki, da taurari a kafaɗa, direba yana jiran ta a waje. Ta ce mini a hannun Gwaggo ta fara aiki, kuma a lokacin ba ta ƙaunarta ko kaɗan. Wata rana wani babba ya zage ta a gaban jama'a, ta fashe da kuka, Gwaggo ta sa ta tsallen kwaɗo a rana. Da ta gama, ta kira ta ta ce kada ta ƙara bari su ga hawayenta. In kuka ya zo mata, ta shiga ofishin Saja ta yi abinta.

Na tambaye ta ko ta taɓa shiga.

Ta ce, "Sau nawa ma. Ita ke tsaya mini a bakin ƙofa har in gama."

Allah ya jiƙan Gwaggo Saja, ya sa ta huta.