Shekarar da Na Je Harbin Zabi Ni Kaɗai

Mu biyu ne muka ɗauki harbi a gidanmu, ni da yayana. Mahaifinmu ɗan kasuwa ne, haka ma ubansa da ya zo Garwa daga wajen Kano yana saurayi, kuma har mahaifin namu ya rasu bai gane abin da zai sa mutum mai shago ya shiga daji da ƙafarsa yana bin tsuntsu ba, alhali ga zabi nan a kasuwa an ɗaure musu ƙafa. Yaya ne ya fara, wajen wani abokinsa soja ya koya, ni kuma na bi shi kamar yadda nake bin sa a komai.

Duk shekara, idan an gama girbi ciyawa ta bushe, mukan rufe shagon atamfa mu hau babur mu nufi wani ƙauye a bayan Mayo-Ulo, gindin duwatsu, kusa da iyakar Najeriya. Zabon daji ba ya son tashi sama, da ƙafa yake gudu, kuma ba ya barin mutum ya matso. Don haka harbinsa aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya zagaya ya riƙa tafiya a hankali yana kora garken, ɗaya ya laɓe a bayan suri ko a gaɓar busasshen rafi yana jira. Yaya ne mai kora, don ya fi ni sanin inda za su bi. Ni ne mai jira.

Sai aka shiga shekarun matsi. Aka rage wa ma'aikata albashi, aka kuma karya darajar kuɗinmu na sefa, kuma matan ma'aikata su ne masu sayen atamfarmu. Shagon ya daina ɗaukar gida biyu. Yaya ya kwashe iyalinsa ya koma Kusuri, inda surukinsa ke shigar da kaya Cadi, ya bar mini shagon da gidanmu na unguwar Pumpumre. Shekarar farko ba mu je daji ba, ta biyu ma haka. A ta uku sai surukata ta kwanta ciwo a Marwa, matata ta tafi jinya can unguwar Dugoi da yaran duka, aka ce wata ɗaya, wata ɗaya ya yi ta haihuwa. Gidan da a da ba ka samun wurin shimfiɗa tabarma ya zama ni kaɗai ne a ciki. In na dawo da yamma, sai in tarar da buta a daidai inda na ajiye ta da safe.

A wannan zaman ne tunanin dajin ya dawo mini. Na je shagon waya na bakin titi na kira Kusuri.

"Yaya, bana fa sai mun je Mayo-Ulo."

Ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. "Kai, har yanzu bindigar nan tana aiki?"

"Tana nan. Taka ma tana nan a ɗakinka."

"To shirya komai. In lokaci ya yi sai in hau mota in zo, in sha Allahu."

Wannan maganar ita na riƙe har kusan wata biyu. Na fito da bindigogin biyu daga cikin tsohon bargo, na warware su, na goge tsatsa da kananzir, na shafa mai. Tasa mai baki biyu ce, tawa mai baki ɗaya. Na je ofishin masu kula da daji na sabunta takardar izini, na yi ta zirga-zirga kafin a sa hannu. Harsashi ya yi wuya a gari, sai da na bi ta hannun wani tsohon jandarma kafin na samu kaɗan. Na kai babur wajen makanike aka canza masa taya da sarƙa. Na sa aka ɗinke tsohuwar jakar Yaya ta fata da ɓera ya ci gindinta. Ba wanda ya sa ni gaggawa, ni ne dai nake neman abin da zan yi tsakanin la'asar da magariba.

A ofishin dajin ne wani ma'aikaci ya ce mini, me zai kai ni gindin duwatsu, ga wuraren farauta a kudu wajen Binuwai, waɗanda aka ba masu jagorar Turawa haya. Ya ce a can zabi kamar kaji suke, ba mai damun su, don Turawan ɓauna da gwanki suke nema. Ya kwatanta mini gidan wani mai jagora, Bafulatani, wanda ya daɗe yana aiki a ɗaya daga cikin sansanonin. Na je na same shi yana gyaran fitilar mota a ƙofar gida. Mutum ne mai fara'a. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce da Fulatanci, in na yi haƙuri har baƙi su watse, zai iya saka mu a mota mu zagaya da safe, mu harbi abin da muke so daga kan mota, kafin rana ta yi zafi mun cika buhu.

Na ce, "Daga kan mota?"

Ya ce, "Me za ka wahalar da ƙafarka? Suna tsaye a bakin hanya suna kallon ka."

Na yi masa godiya na taho. A hanya na yi ta tunanin yadda Yaya zai ji in na ce masa zai zauna a bayan mota kamar buhun gero a kai shi gaban zabi. Na san abin da zai ce. Na bar maganar kudu.

Abin da ya rage shi ne hanya. A shekarun nan ne zargina, 'yan fashin da ke tare hanya, suka fara yawa, kuma mutum biyu a kan babur da bindigogi abin sha'awa ne a wurinsu. Masu kawo fetur daga Najeriya a jarkoki su suka fi kowa sanin hanyar Mayo-Ulo, don haka na riƙa zama wurinsu da hantsi ina saye musu shayi. Suka ce kada in bi ranar kasuwa, kada in yi yamma, in naɗe bindiga a tabarma, in kuma bi ayarinsu idan za su koma da jarkoki babu komai. Ta hannun ɗayansu na aika wa jauron ƙauyen, wato mai garin, cewa 'ya'yan Alhaji suna nan tafe.

Ana saura kwana kaɗan na sayi sukari da ganyen shayi da goro na gaisuwa, na sa maƙwabciyata ta yi mana dakuwa da soyayyen gari. Na share ɗakin Yaya, na shimfiɗa sabon zanen gado. Sannan na koma shagon waya in ji motar da zai hau.

Sai da aka nemo shi daga cikin kasuwa. Ina jin hayaniya a bayansa, ana ciniki da Larabci.

Na ce, "Yaya, komai ya kammala. Jauro ma ya san muna zuwa."

Ya ce, "Wannan makon ne?"

"Wannan makon ne."

"Kai, wallahi abin ya fita a raina. Ga kaya sun iso jiya, surukina kuma ba ya gari." Ya juya ya yi wa wani magana, ya dawo. "Ka ga, ko mu bar shi sai baɗi? Ko kuma ka samu wani ku je. Ka ɗauki tawa, ta fi taka."

Na ce ba komai, Allah ya kai mu baɗin. Muka gaisa da kyau, ya tambayi jikin surukata, na tambayi yara. Da na ajiye wayar na daɗe a tsaye har mai shagon ya tambaye ni ko zan sake kira ne. Da ya ce ba zai samu zuwa ba kawai, da abin ya zo mini da sauƙi. Abin da ya tsaya mini shi ne ya manta.

Na nemi wani. Makaniken ya ce shi tsoron ƙarar bindiga yake. Tsohon jandarman ya ce gwiwarsa. Maƙwabcina ya dube ni ya ce, a wannan zamani wa ke zuwa daji don nishaɗi. Daga nan ban ƙara tambayar kowa ba. Na mayar da bindigar Yaya cikin bargo, na naɗe tawa a tabarma, na bi ayarin masu fetur da sassafe.

Mun isa lafiya. Jauro ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi fari-fari. Ya riƙe hannuna ya daɗe yana gaisuwa, yana leƙen bayana.

"Ina babban?"

"Yana Kusuri, Baba. Aiki ya riƙe shi. Yana gaishe ka."

"To wa zai kora maka?"

Ya sa aka kira wani mutum, dattijo siriri daga cikin mutanen dutse, wanda gonarsa ke can wajen rafin da muke zuwa. Ba maharbi ba ne, ya faɗa mini da kansa, amma zabin sun cinye masa gyaɗa bana, ba zai ƙi ganin an rage su ba. Fulatancinsa kaɗan ne, nawa kuma na birni, don haka maganarmu ba ta da yawa.

Washegari da asuba muka fita cikin sanyi. Wurin ya canza. Inda muka saba shiga kurmi yanzu gonakin auduga ne har gindin dutse, an cire audugar an bar karare. Sai da muka yi tafiya mai nisa kafin muka ji kukansu a gaba, wannan ƙara tasu kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe. Na nuna masa da hannu ya zagaya ta dama, ni kuma na sauka cikin rafin na durƙusa a bayan gaɓa.

Na jira. Jikina ya tuna komai, yadda ake dafa gwiwa, yadda ake rage numfashi. Sai dai da Yaya nakan san daidai lokacin da za su ɓullo, don na san saurin tafiyarsa, na san zai yi ɗan tari in ya matso. Wannan mutumin ban san tafiyarsa ba. Ya zo da sauri, yana jifa da duwatsu kamar mai korar awaki daga gona, garken ya fashe tun daga nesa, suka tashi suka bi ta bayana. Ban ko ɗaga bindiga ba.

Ya iso yana haki, ya ga hannuna babu komai, ya ce, "Na ɓata?"

Na ce, "A'a, Baba. Haka suke."

Muka zauna a inuwa na kwance dakuwar da aka yi don mutum biyu, muka ci. A nan ya gaya mini, da guntun Fulatancinsa, cewa 'ya'yansa maza duk sun tsallaka Mubi, ɗaya yana tura ruwa, ɗaya ba a san inda yake ba. Matarsa ta rasu. Shi ke noma, shi ke dafa wa kansa. Ya faɗa ba tare da neman tausayi ba, yana kakkaɓe garin dakuwa daga gemunsa. Na so in gaya masa nawa, sai na ga nawa bai kai a faɗa ba a gabansa.

Da la'asar muka sake gwadawa. Wannan karon na roƙe shi ya yi tafiya kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Ya yi dariya ya ce ya gane. Ya yi a hankali kuwa, har na fara zaton ya ɓace, sai ga su sun ɓullo a jere ta bakin rafin, suna ɗaga kai suna saukewa. Na harba sau ɗaya, biyu suka faɗi. Na miƙe na juya dama da bakina a buɗe zan yi magana, don a nan Yaya ke fitowa kullum yana cewa na yi jinkiri. Dattijon ne ya fito daga cikin ciyawa, ya riga ya zaro wuƙa, ya miƙo mini in yanka da hannuna tunda shi ba ya salla.

Na ba shi ɗaya, na kai wa jauro ɗaya. Jauro ya ce in ƙara kwana, gobe za a fi samu. Na ce shago yana rufe. Gaskiyar ita ce na ƙoshi. Da safe dattijon ya raka ni har bakin hanya inda masu fetur ke taruwa, ya ɗora mini ƙunshin gyaɗa a bayan babur, ya tsaya har muka tashi.

Na iso Garwa da rana tsaka da sauran harsashina kusan duka. Na buɗe shago a ranar, don ban so in koma gida da wuri ba. Wata mata ta shigo ta sa na sauke mata atamfa kala-kala, ta duba, ta ce za ta dawo ƙarshen wata.

Matata ta dawo bayan rasuwar mahaifiyarta, gidan ya sake cika da hayaniya. Yaya ya zo ta'aziyya, ya yi ƙiba, yana sa Larabci a cikin maganarsa ba tare da ya sani ba. Ya tambaye ni yadda dajin yake, na fara ba shi labari, ina cikin yi aka kira shi gaisawa da baƙi, ba mu koma kan maganar ba. Baɗin da ya ce, hanyar ta lalace da zargina har masu fetur suka daina bin ta da safe su kaɗai. Shekarar da ta biyo baya aka ce jauro ya rasu. Dattijon kuwa na yi ta tambayar masu zuwa Mayo-Ulo labarinsa, amma ban san sunansa ba, kwatance kawai nake yi, siriri, mai gona wajen rafi. Wani ya ce yana jin ya bi 'ya'yansa Mubi. Wani ya ce ba shi ba ne, wancan gajere ne.