Randar da Ta Cika Ta Tumbatsa

Cikin duk ranakun da na yi a sashen shirye-shirye na wani gidan talabijin a Birnin Kebbi, akwai wadda ba ta fita raina ba. Lokacin muna kwashe tsofaffin kaset zuwa kwamfuta. Ƙa'idar ita ce kwamiti ya kalli kowane fim. Wanda ya tsallake a adana shi, wanda ya faɗi kuwa sai bola, don ba mu da wurin ajiya.

Ni na kawo wani tsohon fim na iyali, wanda kaset ɗinmu kaɗai ya rage. Hoton ya dushe, sautin sai ka kasa kunne. Yaranmu 'yan boko tun daga farko suke ƙunshe dariya.

Aka zo inda ɗan fari ya dawo gida bayan shekaru a ci-rani. Ya durƙusa ya gaida uwarsa. Ba ta dube shi ba, ba ta ambaci sunansa ba, ta ci gaba da juye ruwa a randa. Nafisa, mai tace hoto, ta ce wannan ai rashin imani ne, yau ba mai kallon uwa irin wannan. Sauran suka goya mata baya. Na so in yi musu bayanin kunyar ɗan fari, amma na riga na sallama.

Daraktanmu mutumin Argungu ne, dattijo mai tsare gida, dariyarsa ma sai da dalili. Ya ɗaga hannu, ya dubi Nafisa.

"Maido muna wurin ga baya, ɗiyata. Bar hwuskatta, dubi ƙasa."

Aka mayar. Ashe randar ta daɗe da cika. Ruwa na kwarara a kan ƙafafun matar, zanenta ya jiƙe, ita kuwa sai zubawa take. Na sha kallon fim ɗin, ban taɓa lura ba.

Darakta ya cire tabarau. "Ni ɗan fari na. Har inna ta rasu ban ji sunana bakinta ba."

Nafisa da kanta ta kwashe fim ɗin, ta zauna tana gyara sautinsa.

Daga ranar na san cewa a aikin nan ba a yanke wa tsohon fim hukunci a kallo ɗaya. Mutanen da ba a baki suke faɗin so ba, sai ka bi hannunsu da ido.