Inna Ajuma da Famfon Gindin Ceɗiya

Kafin rana ta yi ƙwari Inna Ajuma ta riga ta iso gindin famfo da tsintsiyarta. Ta share dandamali, ta kankare gansakuka, ta buɗe magudana da tsinke, ta kori awakin da suka kwana a gefe. Shekara da shekaru haka take yi a ƙauyenmu, nan kan hanyar Tunuga, ba albashi, ba ko tukwici. Bana gwiwa ta ce ta gaji, ta miƙa wa wata matashiya, Mairo, makulli da kujerarta ta komiten ruwa. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da idona ya gani.

Da mutanen porje, masu aikin raya karkara, suka kawo famfon, an yi taro a gindin ceɗiya, inda dattawa ke hira. Aka ce a haƙa a nan, tsakiyar gari ne, kuma dattawa za su sa ido kada yara su ɓata. Aka waiwayi mata can baya aka tambaye su, suka ce to. Famfon irin na takawa da ƙafa ne, sai mutum ya hau ya yi ta tsalle kafin ruwa ya zubo.

To ga ruwa ya samu, amma ɗiyata Nasiba, wadda ke auren ɗan Malam Seyni, kogi take zuwa. Ga ciki ya tsufa, ga gangare mai santsi, ga dorina da masunta suka ce ta haihu a cikin ciyawa. Abinci ya daina shiga mini. Na tambayi mijinta, ya ce shi ma bai gane ba. Na tare ta a hanya tana ɗauke da bido, jarkar ruwa, a ka.

"Ke Nasiba, ruwan famfon ɗaci gare shi?"

"A'a, Baba."

"An yi miki gori ne? Wani ya hana ki?"

Ta dubi ƙasa. "Ba kowa, Baba."

Har wurin malami na je, ko iska ce ke jan ta bakin ruwa. Daga baya na lura ba ita kaɗai ba ce, duk amaren gari kogi suke yi.

Inna Ajuma ce ta bi su har mawanka, ta zauna tana taya su cuɗa, har baki ya buɗe. Washegari ta nufi ceɗiya. Ita taubashiyar Malam Seyni ce, abin da za ta faɗa masa ko maigari ba zai faɗa ba.

"Bawana, tashi ka taka mini famfo."

"Ni? Da furfurata in hau ina rawa gaban mutane? Tsufa ya taɓa miki kai, Ajuma."

"Au, kai kana jin kunya? Surukarka fa, da ko sunanka ba ta iya kamawa? Ta zo ta durƙusa maka da cikin nan, ta miƙe ta hau tana tsalle kana kallo?"

Wani dattijo ya ce ai an tambayi matan, su suka ce to.

Ta ce, "A gaban wa aka tambaye su? Wace ce ta taɓa ce wa surukinta a'a?"

Malam Seyni ya ce su kam tun ba a haifi famfon ba suke nan, ba inda za su. Ba ta yi musu ba. Ta bi gida gida ta tara zana, ta sa aka kewaye famfon, aka fitar da ƙofa ta baya. Mata suka ɗan fara zuwa, amma da sun ji tarin wani dattijo sai su juya. Ta koma ta ci gaba da yi wa taubashinta tsiya kullum safe, har ran nan muka ga ya naɗe tabarmarsa ya yi gindin mangwaron masallaci, yana cewa ceɗiyar ce ta cika kashin tsuntsu. Sauran suka bi shi.

Da za a yi makewayin kasuwa, ta ce sai mata sun zauna su kaɗai tukuna, kuma a kira zawarawan unguwar bakin kogi da ba a taɓa aika musu sanarwa ba. Aka yi gunaguni, aka kira su.

Ke ce, Inna, kunnen masu kunya. Ke ce kika ji to, kika san ba to ba ce. Ni har yau kaina bai warware ba: kunya mu muka koya wa 'ya'yanmu, muna alfahari da ita, ta yaya ta kusa kai mini ɗiya bakin dorina muna zaune a inuwa? Na kasa gane inda laifin yake.

Allah ya saka miki, ya sassauta wa gwiwar nan. Ku kuma masu zama a komite, kafin ku nuna inda za a haƙa, ku nemi mai ɗaukar bidon, ku tambaye ta a inda za ta iya ɗaga kai.

Nasiba ta sauka lafiya. Ruwan wankan jegonta duk daga famfon aka ɗebo, kuma bidon farko Malam Seyni ne ya hau ya taka, a bayan zana, bayan ya sa Inna Ajuma ta tsare masa ƙofa.