Wa Zai Ce Wa Likita Ya Tsaya?

Shekara talatin da ɗaya Baba Ƙugiya ya yi yana tuƙa injin ɗaga kaya a wuraren gini. Yana can sama cikin ɗan akwatin gilashi, sau da yawa ko kayan da yake saukewa ba ya gani, sai hannun mutumin da ke ƙasa. Dokarsa ɗaya ce: ko lebura ne ya ɗaga hannu, inji ya tsaya. Sau biyu yana ajiye aiki saboda shugaban da ya ce masa ya rabu da leburori ya ci gaba.

Da tsufa ya zo, sai ƙari ya fito masa a ƙasan mafitsara, ya toshe hanyar fitsari. Wata huɗu yana yawo da roba da jaka ɗaure a cinya, ya daina shiga mutane. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma da mutum-mutumi za a yi.

"Baba, inji ne zai yanka ka?" in ji babbar 'yarsa, hankali a tashe.

"Ke, da inji na ciyar da ku. Ni mai riƙe da shi nake dubawa."

Ranar sa hannu, ana jibi aiki, likita ya nuna masa hoto: hannuwan ƙarfe huɗu a kan gado, shi kuma likita yana gefe a zaune, ya cusa fuska cikin na'ura yana sarrafa su. Baba ya daɗe yana kallo.

"Daga nan kana ganina?"

"Cikin cikinka nake gani, Baba, fes. Sauran jikinka Sista ce ke gani, da mai maganin barci."

"To in ka karkace, wa zai ce ka tsaya?"

"Kowa a ɗakin yana da iko."

Baba ya ture takardar. "Haka kowane shugaba yake faɗa. Na ji irin wannan har kunnena ya gaji."

"Haba Baba, don Allah," in ji 'yar, "so kake ka mutu da robar nan?"

"Gara robar."

Ana wannan surutu Sista, nas ɗin da za ta tsaya a bakin gadon, tana gefe. Tana zazzage ledar magungunansa a kan tebur tana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Likita ya sake miƙa biro ke nan ta ɗago wani ɗan kwali.

"Dakata, likita. Baba, wannan na tsinka jini, yaushe rabonka da shi?"

"Yau da safe. Wani asibiti suka ba ni, ba wanda ya ce in daina."

"To jibi ba aiki. Sai ya fita daga jikinsa."

Likita ya karɓi kwalin ya karanta. Bai ɓata rai ba, bai ce an riga an tsara ɗaki ba. Ya soke ranar da hannunsa, ya rubuta wata.

Baba ya kalli Sista, ya kalli likita, ya jawo takardar gabansa.

"Kawo biron nan, ɗana."

Mako guda ya ƙara da robar kafin aikin, bai yi ƙorafi ba. Ranar da aka cire masa ita bayan ya warware, ya shiga banɗaki da ƙafarsa, ya hana kowa riƙe shi, ya turo ƙofa.