Moton Da Muka Rufe Kamar Rumbu

Haƙƙin da ke wuyanmu a bayyane yake, kuma ba mai nauyi ba ne: a tayar da moton nan duk mako, a hau shi, a yi tafiya da shi har injinsa ya ɗauki zafi, domin batirinsa ya zauna da rai. Ba mu sauke wannan haƙƙi ba. Abin da ya biyo baya kuwa, ko shekara nawa Allah ya ƙara mini, ba zai gushe daga zuciyata ba.

A lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a wani ƙauye tsakanin Dungas da Magarya, ana kirana Mushe kamar yadda ake kiran kowane malamin lakwal, kuma ni ne magatakardan kwamitin lafiya na garin. Wata ƙungiya ta kawo mana moto mai ƙafa uku, da gado a bayansa da rumfar tamfal, don kai marar lafiya asibiti. Har yau in na lumshe ido ina ganinsa tsaye a ƙofar mai gari, fari fat, mata na rangaɗa guɗa, tsofaffi na shafa shi da tafin hannu kamar mai taya rago. Wanda ya kawo shi ya yi mana bayani a gaban kowa. Ya ce ba shi da abin bugawa da ƙafa, da makulli kaɗai yake tashi. Ya ce batiri ko ba a taɓa shi ba ƙarfinsa na tsiyayewa a hankali, zafi kuma na ƙara masa sauri. Kunna shi a tsaye ba ya cika shi, sai an yi tafiya. In kuwa zai daɗe a ajiye, a kwance masa waya, a haɗa shi da ƙaramin allon sola, a riƙa duba ruwansa.

Shugaban kwamitin kawuna ne, manomin da ba a taɓa jin ƙwari sun shiga rumbunsa ba. Ba zan zalunce shi ba: mutum ne mai gaskiya, kuma tsoronsa yana da tushe, don mun ga yadda irin wannan moto ya ƙare a dakon buhuna a wani gari kusa da mu. Sai ya sa aka shigar da namu moton wani ɗakin ƙasa, ledar sirdinsa ma ba a yage ba, aka liƙe taga da laka, ya ɗaura makulli a lalitarsa.

Na ce, “Kawu, an fa ce a riƙa hawansa.”

Ya ce, “Wa zai hau? Yau a je kasuwar Dungas, gobe a ɗauko amarya, jibi a kwashe taki? Kayan amana ne, Mushe. Geron da na rufe bara, ka ji an ce ya ragu?”

“Wannan ba gero ba ne, Kawu. Doki ne, in ya daɗe a turke sagewa yake yi.”

“Dokin da ba ya cin harawa? Kai dai boko ta yi maka yawa.”

Aka yi dariya, aka shafa fatiha. Na maimaita maganar a kowane zama, na kuma rubuta cewa na maimaita, har aka fara cewa Mushe so yake ya samu abin hawa.

Akwai wata tsaga a jikin ƙyauren ɗakin. In na taso daga lakwal da la’asar nakan tsaya in leƙa. Wani siririn haske kan faɗo a kan tankinsa, ƙura na yawo a cikin hasken a hankali, moton kuwa na tsaye shiru kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Nakan daɗe a wurin. Sai in ga kamar yana keta gonaki tsakanin itatuwan gawo, tamfal ɗinsa na kaɗawa, wata mai naƙuda na kwance a baya, mijinta na riƙe da hannunta, sun isa kafin rana ta karkata. A cikin wannan tunani nawa, murɗawa ɗaya ake yi ya tashi. Bazara ta zo, ɗakin ya koma tanderu, ta wuce. Shi kuwa yana nan yana sheƙi, yana mutuwa ta ciki.

Ranar da abin ya faru damina ta kankama, ana maimai. Da hantsi aka shigo gari da taubashina, ɗan gwaggona, a ɗauke, kasa ta sare shi a idon sawu. Ranar kasuwar Dungas ce, duk masu kabu-kabu sun tafi. Ban taɓa ganin Kawu yana gudu ba sai ranar. Ya buɗe ɗakin, matuƙin da aka horar ya hau, ya murɗa makulli. Wata ’yar fitila ta yi ja kamar garwashin da ke shirin mutuwa, muka ji ƙit, shi ke nan. Aka buɗe murfin batiri, sai ga farin gari ya daskare a bakin wayoyin kamar kanwa. Aka ce a tura. Majiya ƙarfi suka dafa, amma wanda ya san rairayin ƙasarmu ya san ba a tura abu mai ƙafa uku da gado a cikinsa har ya yi gudun da zai tashi. Ya nutse a bakin masallaci.

Amalanken shanu muka ɗaura. Wannan tafiya har yau ban iya rabe ta da mafarki ba. Gero ya yi shar dama da hagu, gajimare sun sauko ƙasa-ƙasa, balbelu na tashi a gabanmu su sake sauka, shanun kuwa na taka ƙasa kamar duniya ba ta da gaggawa. Kan taubashina na bisa cinyata, ƙafar na kumbura ina kallo.

Ya buɗe ido ya ce, “Mushe, rubuta wannan ma. Ka ce ubangidanka ya hau amalanke, moto na ɗaki yana hutun amarci.”

Na ce, “Rufe baki, bawana. Ni macijiyar nake tausayi, da ta ɗanɗani wannan ƙafa mai kaushi.”

Ya yi dariya har da tari. Can kuma sai ya shiga ba ni labarin tafkin da muke wanka muna yara, wai ga shi can yana gani, ruwan ya cika har gindin giginya, wai gwaggo na kiranmu mu fito. Gwaggo kuwa ta daɗe da rasuwa. Na ce masa ya ce mata muna zuwa, amma ba yanzu ba.

Rana ta yi sanyi kafin mu kai babbar hanya mu samu mota. A Magarya Allah ya tsayar da ransa, sai dai ƙafar ta riga ta lalace, aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Da muka dawo, Kawu ya kwance makullin ya ajiye a gaban mai gari. Abin da ya ce kawai shi ne, “Na tsare shi daga kowa, har da wanda aka kawo shi dominsa.” Bai ƙara zama a kwamiti ba.

Taubashina yanzu igiyar kaba yake tufka a inuwar ƙofar gidansa, wasu ke nome masa gona. In na wuce yakan ɗaga sandarsa ya ce ga motonsa, kullum a tashe yake.

Abin da na koya shi ne, amana iri biyu ce. Akwai wadda ake tsarewa da rufewa, akwai wadda rufewar ce ke kashe ta, kuma kyakkyawar niyya ba ta raba maka su, sai sani.

Saboda haka, cikin girmamawa, ina roƙon majalisun komin-komin, wato ƙananan hukumomi, na Magarya da Dungas da su aika a buɗe duk ɗakin da aka ajiye irin wannan moto, a murɗa makullinsa a gaban shaidu. Wanda bai tashi ba a binciki dalili, a gyara, a kuma ɗora wa mutum guda sananne alhakin hawansa kowane mako. Ina kuma roƙon a dubi mutumin da ya shiga gonarsa da ƙafa biyu, a sama masa ƙafar roba, ko Allah ya sa ya sake riƙe hauya kafin ƙarfinsa ya ƙare.